Mai riƙe da kyamara ba ya hawa lilo

Sallah ta ƙarato, kuma mutum uku ke nan suna biyo ni ta akwatin saƙo da tambaya iri ɗaya: za mu kai yara wurin wasa, mu tafi da kyamara ko waya ta isa? Na gaji da ba da amsa ɗai-ɗai. Bari in yi zare kowa ya ɗebi rabonsa. Zai yi tsawo fa, a yi haƙuri da ni.

Kafin ku tambayi ko za a tafi da ita, ku fara tambayar wa zai rataya ta. Waya kowa na da tasa, ka ɗauka ka mayar aljihu ka ci gaba da sha'aninka. Kyamara kuwa aiki ce. Duk wanda ta hau wuyansa ranar ya zama ma'aikacin gidansu, ba albashi ba hutu.

Ni na yi wannan aikin a ƙaramar Sallar bara, rana ta biyu, a Magicland da ke Abuja. Waɗanda suka girme ni sun fi sanin wurin da Wonderland, sunansa na da. Yana nan kusa da babban filin wasa na ƙasa. Mu tara muka je: Umma, ni, ƙannena uku, matar yayana da yaranta biyu, sai 'yar maƙwabta da ta maƙale mana tun daga ƙofar gida.

Kyamarar ta yayana ce, Canon 600D, fitowar 2011. Ta hannu ya saye ta, ya yi ɗoki na wata uku, ya jefa ta durowa. Tun da muka yi kwas ɗin ɗaukar hoto a makaranta ta dawo hannuna, kuma har yau bai ce in mayar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Dalilin da ya sa na ɗauko ta ranar ba yaran ba ne. Yara kam hotunansu sun cika wayar kowa a gidan. Umma nake nema.

Shekara biyu kafin nan Hajiya ta rasu, mahaifiyar Umma, Allah Ya jiƙanta. Bayan an share makoki jikoki suka ce a nemo hotonta. Aka bincika akwatuna, aka bincika wayoyi. Abin da aka samu mai kyan gani guda ɗaya ne: na jikin katin zaɓe. Ta zaro ido, ta ɗaure fuska, kamar wadda aka tsare a ofishin 'yan sanda.

Matar nan kuwa duk unguwar an san ta da barkwanci. Idan ta fara ba'a da jikokinta maza, wai mazajenta ne marowata, sai ka riƙe ciki. Autanmu yana da shekara shida lokacin. Nan da shekara ashirin idan ya ce a nuna masa kakarsa, waccan matar mai ɗaure fuska za a nuna masa.

Sai na je na duba na Umma. Hoton fasfo na aikin Hajji, na katin ɗan ƙasa, sai na bukukuwa inda take tsaye a layi cikin anko, baki a rufe, hannu a kan hannu. Ko ɗaya babu wanda take dariya. Abin ya tsaya min a rai.

Da safe muna shiri na ce, "Umma, yau fa zan ɗauke ki." Ta ce, "Ki ɗauki yara dai, ni me za a gani?" Na yi ta magiya har muka shiga mota. Can ta ce, "To na ji. Amma kada in ga kin sa ni a waya duniya tana kallo." Na ce na yi alkawari. Saboda haka masu shirin cewa in saka hoton a ƙarshen zaren nan, ku huta tun yanzu.

To, bakin ƙofa. Aka duba jaka, mai dubawa ya kalli kyamarar ya tambaya ko aiki na zo. Na ce iyali ne, ga su nan, ya ce mu wuce. Amma shawara: ku kira wurin da za ku je ku tambaya tun daga gida. Wasu wuraren waya kyauta ce, babbar kyamara kuwa sai an biya mata kuɗi daban, wasu ma sai da izini. Ba daɗi a yi wannan cinikin yara tara na jan rigarka.

Nauyinta da batir gram 570 ne, da gilashin gaba bai kai kilo ɗaya ba. A gida ba komai ba ne. Bayan awa huɗu cikin zafin bazara, igiyar na goga wuya ta saman hijabi, gumi na bin bayanka, sai ka rantse turmi ka rataya.

Gilashi ɗaya na tafi da shi, 50mm mai buɗewa har 1.8. Na bar 18-55 a gida don ba na son buɗe cikin kyamara inda dubban ƙafafu ke tayar da ƙura. Matsalarsa, a kan irin wannan kyamarar yana jawo abu kusa kamar 80mm. Idan ina son mutum takwas su shiga, sai na yi ta ja da baya har in taka ƙafar wani bawan Allah.

Abin da ba a gaya maka shi ne yadda mutane ke canza maka da zarar sun ga baƙin abu a wuyanka. Ba mu yi minti goma ba wasu 'yanmata uku cikin leshi iri ɗaya suka tare ni: "Anti, nawa ne hoto?" Wani saurayi kuma ya gyara hula ya tsaya gabana kawai, bai ce komai ba, yana jira.

Can gefe akwai wani dattijo mai hoto, da 'yar injin wanke hoto a jakarsa, yana kallon abin da ke faruwa. Ya matso ya ce, "'Yata, aiki kika zo ko yawo?" Na ce, "Yawo ne, Baba." Ya ce, "To madalla." Bai ƙara ba, amma na gane.

Mutumin nan kwana uku na Sallah su ne kakarsa. Waya ta riga ta cinye masa fiye da rabin kasuwa. Idan ni da kyamarar aro na tsaya ina ɗaukar mutane kyauta don a ce min na iya, tuwon gidansa nake ragewa. Duk wanda ya tare ni daga nan sai in nuna masa Baba. 'Yanmatan leshi ma can suka tafi, har da turo baki.

Shi kuma ya biya ni da abin da ya fi kuɗi. Ya ce in daina wahalar da kaina da rana tsaka, in jira bayan la'asar, ya nuna min gefen da haske ke faɗowa a fuska idan rana ta karkata. Abin da malaminmu ya yi mako biyu yana zanawa a allo, Baba ya gama shi da nuni ɗaya da leɓe.

Gaskiyarsa ne kuwa. Daga sha biyu zuwa uku rana na bisa kai, idanu su faɗa cikin inuwa, kowa ya yamutse fuska. Ga kuma bala'in farar shadda. Kyamara na auna haske ne a kan cewa duniya toka-toka ce. Idan ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, shadda ta fito tas, fuskar mai ita ta koma gawayi.

Maganinsa ɗan maɓallin nan mai alamar +/-. Ka ƙara ɗaya, ka duba fuska, ka bar shadda ta ji da kanta. Ko ka ja mutum inuwa. Masu cewa kyamara ba ta son baƙar fata, yawanci wannan ne kawai.

Abin da ke motsi kuma saurin ƙiftawa yake so. A Canon ka murɗa zuwa Tv. Dokin da ke juyawa da yara 1/500 ta ishe shi. Jirgin ruwan nan mai lilo da mutane sama da ƙasa sai 1/1000. Kada ka bi shi da kyamara kana nema, ba za ka kama shi ba. Zaɓi wuri ɗaya, saita, ka jira ya kawo kansa.

Na yi duk wannan, hotunan sun fito garau, kuma wallahi ba su da daɗin kallo. Ƙarfe ne a sama da ƙananan kawuna a ciki. Ihun ba ya shiga hoto, juyawar ciki ba ta shiga. Da na gane haka sai na koma ƙofar da ake saukowa.

Nan ne kasuwar take. Ƙanwata da ta hau tana cika baki ta sauko ɗankwali a hannu, ƙafa na rawa, tana "Innalillahi" tana dariya lokaci guda. Ƙanena mai shekara sha biyar yana ƙoƙarin nuna shi ko a jikinsa, alhali ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu. Waɗannan su ne hotunan da har yau ake tsokana da su a gida.

Ni ko ban hau komai ba. Ko ɗaya. Ba a hawa irin waɗannan da kyamara a wuya: ko ta daki haƙoranka, ko ta kuɓuce ta sauka a kan ɗan wani. Ba tsoro na kawai ba ne, Disney ta hana shiga wuraren wasanta da sandar ɗauki-kanka tun 2015, kuma a Universal da ke Orlando akwai lilon da sai ka bi ta na'urar gano ƙarfe, ko waya ba a hawa da ita.

Ka ce in ba wani ya riƙe min? Kayan aro ne, cikin cunkoson Sallah. Wanda zan iya ba wa Umma ce, ita kuma tuni an jibge mata jakunkuna huɗu, takalman yara da gorar ruwa. Haka muka zama mu biyu 'yan gadin kaya, tikitina na lilo ya koma hannun 'yar maƙwabta.

Tunda na ambaci Disney, wani abu da na karanta ya ba ni dariya. Shekaru da dama kamfanin Kodak na kafa ƙananan alluna a cikin Disneyland, wadda aka buɗe a 1955, suna nuna maka daidai inda za ka tsaya ka ɗauki hoto mai kyau. Wato ka biya kuɗin shiga, ka sayi fim ɗinsu, sannan su gaya maka abin da za ka tuna.

Kodak ɗin nan injiniyansu ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma ita ce ta zo ta ci su har suka shigar da takardar karyewa a 2012. Allunan sun koma hannun Nikon. Mu nan ba mu da allo, amma kowa ya san wurin: gaban babban rubutu ko gaban furanni, a yi layi, a ɗaga yatsu biyu. Mutum dubu, hoto ɗaya.

Yanzu maganar da ta fi min nauyi. Ranar Sallah ba yadda za ka ɗaga kyamara a wurin wasa ba ka kwaso iyalin wani ba. Matan aure, 'yanmata, yara ƙanana. Sun fito shan iska ne da 'ya'yansu, ba wanda ya ce musu za su ƙare a katin wata ɗaliba.

Nan gilashin 50mm ya yi min rana. Idan na buɗe shi zuwa 2, wanda na saita a kansa ne kawai ke fitowa, na bayansa duk su narke su zama launi. Sai dai wanda ke tsaye daidai nisan da naka yake, shi kam zai fito ras.

Haka ta faru a wurin dawakai. Ina ɗaukar ɗan yayana, wata mata ta dafa ni ta ce, "Baiwar Allah, kamar kin ɗauki 'yata." Na juya mata bayan kyamara muka duba tare. Ga yarinyar kuwa a kan dokin da ke kusa da nasa, kitso da lalle, kyakkyawa da ita. Ta ce in goge. Guda biyar ne, na goge su tana kallo. Ta ce na gode, na ce ba komai.

A cikinsu akwai wanda ɗan yayana ya fi kyau duk ranar, kuma na ji zafinsa. Amma 'yarta ce. Ba ta san ni ba, ba ta san inda hoton zai kwana ba, kuma duk mun ga yadda ake ɗaukar hoton yarinya a wurin biki, kafin dare ya zama abin ba'a a hannun waɗanda ba su taɓa ganinta ba.

Abin da ya ɗaure min kai kawai, a daidai lokacin akwai mutum sun fi ashirin kewaye da mu, waya a sama, suna bidiyon dawakan gaba ɗaya da kowa da kowa. Wasunsu kai tsaye TikTok za su wuce da shi. Ba wanda ya tambaye su. Kyamara ana ganinta, shi ya sa ake tuhumarta. Waya kuwa ta zama kamar tafin hannu. Ni a ganina ita ta fi cancanta a ji tsoro.

Akwai wani bincike da Linda Henkel ta jami'ar Fairfield a Amurka ta fitar a 2014. Ta kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan su kalla kawai, wasu su ɗauki hotonsu. Washegari aka ga waɗanda suka ɗauka hoto sun fi saurin ɓace musu. Sai dai idan sun jawo wani ɓangare na abin kusa sun ɗauka, to nan ba su manta ba.

Na yarda da matar nan ɗari bisa ɗari. Tambaye ni wace waƙa ake sakawa a wurin, ko askirim ɗin da aka miƙo min wane iri ne, sai dai ƙannena su ba ka amsa. Amma tambaye ni yadda jijiyar wuyan Auta ta miƙe yana ihu, zan zana maka ita. Ranar tawa guntu-guntu ce, kowane guntu da kusurwa huɗu.

Umma fa? Tun safe duk sanda na juyo da kyamara wajenta sai ta rufe baki ta gyara mayafi ta miƙe zaune. "Ke, kau da abin nan." Na ɗauki wajen goma sha, duk matar katin ɗan ƙasa ce ke fitowa. Sai na ƙyale ta. Na zauna kusa da ita muna gadin kaya, ina ɗaukar yara, tana ba ni labarin yadda suke zuwa gidan zu na Kano da Sallah suna yara, a bayan a-kori-kura.

Abin da na lura da shi: mutum ba ya iya jin kunyar kyamara na awa biyar a jere. Yana gajiya. Wajen ƙarfe biyar da rabi ta daina ganinta, ta zama kamar sarƙa a wuyana. Ba don na wuni da ita a rataye ba, da ba a zo nan ba.

Sai aka zo motocin karo. Auta tun a gida yake cika baki shi direba ne, yana kallon yadda Yaya ke tuƙi, yau za a ga aiki. Aka kunna wuta. Bawan Allah ya murɗe sitiyari har ƙarshe, motar ta shiga lungu ta kama juyi a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka.

'Yar maƙwabtan nan, shekararta bakwai, ko keke ba ta iya ba, ta taho a guje ta yi masa gware. Ta ja da baya ta sake. Ta sake. Shi kuma yana ihu, "Ke! Ba haka ake yi ba! Ki bari in fito!" hula ta rufe masa ido.

Kowa na kallon fili, ni ina kallon Umma. Ta tashi tsaye ta kama ƙarfen shinge. Rana ta yi ƙasa, hasken na zuwa ta gefen da Baba ya nuna min. Na riga na saita: 1/250, ISO 1600 saboda rumfa. Na danna na riƙe.

Kyamarar nan hoto kusan huɗu take yi a daƙiƙa. Na farko, kai a baya, baki a buɗe, ido a rufe. Na biyu, hannu ya taso. Na uku, mayafi ya rufe bakin. Na huɗu, ta gan ni, harara. Duk wunin nan, da ciwon wuya da lilon da ban hau ba, na farkon nan na saya da su.

Da na jawo shi kusa a bayan kyamara sai na ga wushiryarta. Na san tana da ita mana, uwata ce. Amma ban taɓa lura cewa irin ta Hajiya ce sak ba, har yadda kumatun hagu ke lotsawa. Na kashe kyamarar na ce zan je in sayo ruwa.

Bayan magariba aka kunna fitilu, wurin ya yi kyau sosai, batir kuma ya ce ga garinku nan. Cajinsa ɗaya hoto wajen 440 yake yi a takarda, tsohon batir bai kaiwa, balle kana ta kunna allo kana nuna wa yara. Ku tafi da na biyu, ku share kati tun daga gida. Na dare kam wayar matar yayana ce ta ɗauka, kuma ta yi ƙoƙari.

To ga masu tambaya: idan a gidanku akwai wanda lilo bai dame shi ba, mai haƙurin tsayuwa, kuma akwai fuskar da kuke son ajiyewa, ku ba shi kyamara ku ƙyale shi. Idan kuwa kowa wasa ya je yi, waya ta isa har ta yi yawa. Kada a rataya wa yarinya 'yar sha shida don ita ce "ta iya", alhali ita ma lilon take so.

Hoto 371 na dawo da su, ba ni a ko ɗaya. Wanda nake ciki guda ɗaya ne tak, Baba mai hoto ya ɗauke mu mu tara a hanyar fita, ya wanke mana nan take, muka biya shi. Na fito da hijabi a karkace da shatin igiya, kyamara a ciki kamar mai goyon gaba.

Bayan sati na kai guda tara aka wanke min a sutudiyo. Na ba Umma nata da daddare, ita kaɗai a ɗaki. Ba ta rataye hoto a bango, ba ta taɓa yi ba, don haka na san akwati zai shiga, ƙarƙashin atamfofi.

Ta daɗe tana kallonsa a ƙarƙashin fitila. Ta ce, "Ashe haka bakina yake." Na ce haka yake. Ta juya bayansa, ta sake juyo shi. Sai ta ce, "Ki wanko ɗaya, in za ki koma makaranta ki biya ki kai wa Innarku ta Zariya. Kada ki ce mata komai, ki miƙa mata kawai ki ji me za ta ce."